Rasuwa a ƙarƙashin "Barka da Sallah"

Sakatare, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta kwana biyu tana cina a rai, naso in bari sai taron ƙarshen wata amma naga gara in faɗa yanzu tunda rabinmu ba a Kumasi suke ba. Sati uku da suka wuce da tsohuwarmu ta rasu, Allah ya jiƙanta yasa ta huta, an sanar ta imel kaman yadda muka saba saboda mutanenmu na waje. To amma ba a buɗe sabon saƙo ba, sai aka je aka nemo tsohon saƙon gaisuwar babbar sallah aka danna Reply all, wato amsa ma kowa, aka rubuta sanarwar a ciki. Abinda ya fito a fuskar wayar kowa shine "Re: Re: Fwd: Barka da Sallah". Alhajinmu na Hambug, wanda kowa ya sani marigayiyar ce ta riƙe shi tun yana yaro, ya gani da idonsa ya ɗauka gaisuwa ce wani ya makara da ita, ya wuce. Lambarsa ta canza a watan, kowa a nan kuma ya ɗauka wani ya riga ya kira shi. Sai bayan kwana tara ya buɗe, an yi addu'ar uku an yi ta bakwai babu shi babu ko kiransa. Da ya kira ni wlh na kasa ce masa komai.
Roƙona guda ɗaya ne. In magana sabuwa ce a buɗe sabon saƙo a sa mata kanta. Kan magana ɗin nan, sabjet, shi kaɗai mutum ke gani kafin ya yanke ko zai buɗe yanzu ko sai gobe.

Mma Hajiya, Kejetia:
Wa alaikumus salam. Sakatare basai ka ɓoye ba, ni nasa aka rubuta. Jikana na miƙa ma waya nace ya sanar da mutane. Amma ku tsaya kuji, gawa na kwance a ɗaki, ana neman likkafani ana neman motar da zata kai mutane maƙabartar Tafo kafin azahar, mata sun cika tsakar gida, a wannan halin wa zai zauna yana haɗa adireshin mutum talatin da wani abu ɗaya bayan ɗaya? yaron ya duba yaga saƙon sallah ne kaɗai yake da sunan kowa a ciki shine ya bi ta nan. Ni ban san ma akwai wani abu wai kan magana ba, ni dai na san an tura kuma ya tafi. Tun ranar da naji Alhaji bai samu labari ba barcina bai cika ba.

Sakatare, Aboabo:
Mma Allah ya huci zuciyarki, ba laifinki nake nema ba wlh, ke da kika tsaya akan komai ranar. Kuma abinda kika faɗa shine ainihin ciwon, mutane na bin tsohon saƙo ne saboda a nan adireshi suke a tare. In bamu magance wannan ba duk dokar da muka kafa ranar tashin hankali za a manta da ita.

Ɗan Tek:
Salam iyayena. In an bani dama in ɗan yi bayanin abinda ke faruwa a ciki, don akwai abinda ido baya gani. Kowane imel in ya fita yana ɗauke da wata lamba tasa shi kaɗai, sunanta Message-ID, ba a nuna maka ita sai ka shiga ka duba asalin saƙon. To duk sanda ka danna Reply, manhajar taka sai ta ɗauki lambar saƙon da kake amsawa ta liƙa ta a wasu layuka biyu na ɓoye, ɗaya In-Reply-To ɗaya References. Na farkon yana cewa wannan ɗan wane ne, na biyun kuma yana jero kakanni, wane ya haifi wane har zuwa saƙon farko, kaman dai yadda ake jero salsalar mutum. Da wannan ne ake ɗaure saƙonni su zama zare ɗaya. Ba sabon abu bane, yana cikin ƙa'idar rubuta imel da ake kira RFC 822 tun 1982, kuma wadda ake aiki da ita yanzu RFC 5322 ta 2008 bata cire shi ba.
Ma'ana sanarwar rasuwar nan, a wurin na'ura, jikar gaisuwar sallah ce. Don haka ta kai ta ƙarƙashin kakarta ta ajiye. Wanda ma ya riga ya danna Mute, wato a yi masa shiru, akan wancan zaren saboda yawan amin amin, a Gmail saƙon bazai fito masa a akwatin gaba ba sam sai in ya je nema.

Mai gareji, Suame Magazine:
To ɗana tsaya. Ni abinda nakeyi shine in danna Reply all don in samu sunayen, sai in goge kan maganar in rubuta nawa. Wannan bai wadatar ba?

Ɗan Tek:
Baba ya fi babu nesa ba kusa ba, amma bai gama wadatarwa ba. Ya danganta da abinda mai karɓa yake buɗe imel da shi. Gmail in kan magana ya canza yana raba shi ya zama sabuwar hira, haka kuma in zare ya wuce saƙo 100 yana yanke shi da kansa. Amma irinsu Thunderbird da wasu ke amfani da shi a kwamfutar ofis suna bin waɗancan layukan ɓoye ne, ko ka canza kai saƙonka na nan a rataye a ƙarƙashin tsohon. Kai a wurinka ka buɗe sabon shafi, a wurinsa kana can cikin tsakiyar tsohuwar magana.
Sannan akwai na biyu wanda ya fi wannan haɗari. In ka danna Reply duk tsohon rubutun yana biyo ka a ƙasa, Gmail yana naɗe shi a bayan ɗigo uku ɗin nan shi yasa mutum baya lura. Ka ƙara sunan baƙo a saƙon, ka miƙa masa duk abinda aka tattauna a baya kenan.

Mai gareji, Suame Magazine:
Innalillahi. Wannan ya taɓa cina. Akwai wani da nake sayen kayan gyara a wurinsa, muna ta rubutu da ɗan'uwana akan nawa ne ƙarshen abinda zamu iya biya akan injin guda biyu, sai ɗan'uwan nawa ya saka mutumin a cikin saƙon don ya turo lambar akawun. Washegari da muka zo ciniki mutumin ya tsaya cak akan daidai kuɗin da muka ce shine ƙarshenmu, ko sidi ɗaya bai sauka ba. Na daɗe ina mamakin yadda akayi, ashe mu muka kai masa da hannunmu.

Ma'aji, Asawase:
Ni kam ina da ja akan wannan magana, kada a tafi gefe ɗaya. Kuna ta cewa a canza kai a canza kai, ni kuma canza kan ne yake wahalar dani. Maganar rufin ajujuwan makaranta, mun faro ta da kai ɗaya, ƙiyasin kafinta na ciki, hoton rasit ɗin kwano na ciki, alƙawarin da kowa yayi na ciki. Ana tsakiya sai wannan ya canza ya sa "Kwano", wancan ya sa "Gaggawa", wani ya sa "Tunatarwa", magana ɗaya ta tarwatse gida biyar. Ranar da aka ce in kawo lissafi na zauna daga bayan isha har ƙarfe ɗaya ina haɗa su, wuta ta ɗauke ina yi da fitilar waya, ga wasu dattawanmu har yau da tsohon kuɗi suke rubutu, mutum ya rubuta miliyan ashirin yana nufin sidi 2,000 tunda an cire sifili huɗu tun 2007 amma bakinsu bai saba ba, dole sai na koma saƙon baya in gane wanne yake nufi, to saƙon bayan kuma yana wani zaren dabam.
Kuma abinda ya fi min zafi ban taɓa faɗa ba sai yau. A cikin wannan maganar wani ya canza kan ya koma "Ina kuɗin rufi suka shiga?" Tambaya ce da yake da haƙƙin yi, na kuma amsa da rasit a ranar. Amma kan bai koma ba. Wata biyu cur duk wanda ya amsa, ko addu'a yayi, abinda ke fitowa a wayar mutum talatin shine "Re: Ina kuɗin rufi suka shiga?" da sunana a gefe. Matata ta gani a wayata ta tambaye ni ko wani abu ya faru. Wanda bai buɗe ya karanta amsar ba me zai riƙe a ransa? Don haka ni a ganina in dai maganar bata canza ba a bar kanta yadda yake, kuma kada a mayar da kan magana wurin jifa.

Sakatare, Aboabo:
Ma'aji wlh ban san abin ya kai maka haka ba, kuma ni ya kamata in gyara kan a lokacin ban yi ba. Ka yafe mu. Amma ka lura ba saɓani tsakaninmu, kai an raba maka magana ɗaya gida biyar, Alhaji kuma an cusa masa magana biyu a gida ɗaya.

Ma'aji, Asawase:
Na yafe. Amma saɓanin na nan, don wa zai yanke cewa magana ta canza? Rufi ya kai mu ga kafinta, kafinta ya kai mu ga cewa katakon ajin ƙarshe gara ta ci, daga nan aka shiga ko a rushe ajin gaba ɗaya. A wane saƙo ne ta daina zama maganar rufi?

Kiliyarin ejan, Tema:
Salam. Bari in kawo yadda mukeyi a wurin aikinmu na fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa ko zai taimaka, don mu imel shine gonarmu. Kwantena ɗaya zare ɗaya. A kan maganar lambar kwantena ce da lambar takardar jirgi, haruffa huɗu da lambobi bakwai ɗin nan da ke jikin kowace kwantena, ba gaisuwa ba komai. Ko shekara biyu aka yi aka dawo ana rigima akan kuɗin jinkiri, lambar kawai zan buga a wurin nema komai ya fito a jere da ranakunsa. In ɗan kasuwa ɗaya yana da kwantena biyu ban yarda ya haɗa min su a saƙo ɗaya ba, in ya haɗa ni zan raba in amsa masa sau biyu. Awon da nake amfani da shi shine, in bayan wata shida zan nemi wannan maganar, da wane suna zan neme ta? in sunan da ke sama ne to a barshi, in wani suna ne dabam ya zo min a rai to maganar ta riga ta canza. Rushe aji ba wanda zai neme shi da kalmar rufi.
Sai kuma gargaɗi tunda ana maganar tsohon zare. Ɓarayin intanet sun san mutane sun yarda da zaren da suka saba. Suna shiga akwatin mutum ɗaya su zauna shiru suna karanta ciniki, ranar biya tazo sai saƙo ya shigo a ƙarƙashin wannan kan dai da kuka saba, da Re ɗinsa da tsohon rubutu a ƙasa, wai mun canza banki ku tura nan. Wani lokacin adireshin ma harafi ɗaya ne ya bambanta. Na san wanda kuɗin kayansa gaba ɗaya suka tafi a haka. Duk saƙon da yace an canza akawun ko lambar MoMo ta tura kuɗi ta waya, ko a ƙarƙashin wane kai ya zo, a ɗaga waya a kira lambar da aka sani tun da.

Malam, Sabon Zango:
Assalamu alaikum warahmatullah. Allah ya jiƙan baiwarsa ya bamu haƙuri. Na karanta duka, kuma ni abin bai zo min baƙo ba ko da yake ban iya na'urar sosai ba. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san littafin fiƙihu babi babi ne, cikin babi kuma fasali fasali. Babin tsarki dabam, na sallah dabam, na gado can ƙarshe. Ba don ado malamai sukayi haka ba, don ɗalibi ya san inda zai koma ne in mas'ala ta taso masa cikin dare. Ka ɗauki hukuncin gado ka saka a babin alwala, ilimin na nan bai ɓace ba amma ka hana shi ga mai nema. Kuma tambayar Ma'aji malamai sun amsa ta a aikace, in reshe ne na maganar sai suce fasali su ci gaba a cikin babin, in asali ne dabam sai su buɗe babi.
Abu ɗaya da nake so a kiyaye, naji ejan yace ba gaisuwa. A wurin aikinsa ya sani, amma tsakaninmu kada gyara ya kai mu ga yar da sallama. Mu ba haka aka rene mu ba, mutum baya faɗo ma mutane da buƙata ba sallama.

Anti nas, Bronx:
Allah gafarta Malam, sallama na nan daram ba mai taɓa ta, wurin zamanta kawai muke roƙo. A sa ta a layin farko na cikin saƙon, a gaisa a tambayi iyali yadda aka saba. Amma saman nan a bar ma maganar. Yanzun nan na buga Salam a wurin nema a wayata, abinda ya fito ya fi arba'in, duk kansu ɗaya, Salam, Salam, Assalamu alaikum, Slm, a ciki akwai suna akwai awure akwai neman taimakon asibiti akwai wanda hoton fulawa ne kawai da juma'a mubarak. Ni aikin dare nake, hutun minti goma sha biyar nake samu in duba waya a tsaye a bakin koridor, kuma kun riga mu da awa huɗu ko biyar ya danganta da lokacin shekara, kafin in farka kun gama magana kun tashi. A minti goma sha biyar ɗin nan kai kawai nake bi. Da naga "Rasuwa" ko a ina nake zan tsaya. Nima saƙon nan sai washegari na buɗe shi, kuma don ƙanwata ta kira ni ne.

Malam, Sabon Zango:
To madalla, in haka ne ba ni da ja. Sallama a bakin ƙofa, sunan unguwa a jikin allo.

Ɗan Alabar:
Ni fa iyayena da za a bi tawa da an bar imel ɗin nan gaba ɗaya, waye yake buɗe imel yanzu in ba neman aiki ko biza ba? WhatsApp kowa na hannu, ka ja saƙo gefe ka amsa shi kai tsaye, Mma ma sai tayi murya basai ta nemi jika ba

Ma'aji, Asawase:
Ɗana a can ɗin ma ai ciwon ɗaya ne, har ya fi, tunda can babu kan magana ko ɗaya, kogi ne kawai yana tafiya. Ka kwana ka tashi ka tarar da saƙo ɗari biyu, sanarwar taro na tsakiyar bidiyon wa'azi da tallan atamfa. Kuma murya ta yaya zan neme ta? in Alhaji yayi alƙawarin buhun siminti ashirin da murya, bayan wata huɗu sai in zauna in saurari murya ɗari in nemo? Bara wayata ta faɗa kwata a Kejetia, ban taɓa kunna ajiyar bayanai ba, hirar shekara uku ta tafi. Imel kuwa na shiga a wayar ɗana na tarar da komai. Labari na gaggawa a yi shi ta waya da WhatsApp na yarda, amma abinda ya shafi kuɗi da takarda a barshi inda yake.

Ɗan Alabar:
Na ji Baba. amma dai rasuwa kam a riƙa kira

Alhaji, Hambug:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ina share hawaye ban iya rubutu ba. Mma Hajiya dan Allah ki saki ranki, ke kika wanke ta kika haɗa ta, ni da nake nan me nayi? Ba wanda na riƙe a zuciya. Na ga saƙon, ina tuna wurin ma, ina cikin jirgin ƙasa zan tafi aiki da asuba, naga Barka da Sallah nace Allah sarki wani sai yanzu ya tuna, na mayar da wayar aljihu. Kwana tara ina yawo da labarin rasuwar uwata a aljihuna ban sani ba. Wannan shine abinda yake dawo min.
Ni ma ina da nawa laifin, na canza lamba ban sanar ba. Kuma yaran nan sun sha gaya min saƙona na zuwa da wasu haruffa AW a gaba har kan maganar ya yi tsawo ya ɓace, ban san yadda ake hana shi ba. Abinda Sakatare ya roƙa ina goyon baya ɗari bisa ɗari. A rubuta Rasuwa a sama, da sunan mamacin, ko ba a rubuta komai a ciki ba ya isa.

Mma Hajiya, Kejetia:
Allah ya yi maka albarka Alhaji. Har ta cika tana ambatonka. Allah ya haɗa ku a aljanna.

Ɗan Tek:
Amin. Baba Alhaji AW ɗin ba laifinka bane, manhajar kwamfutarka ce take da Jamusanci, Antwort wato amsa, in ka tura saƙo gaba kuma WG take sawa. Masu Faransanci irin abokan cinikinmu na Wagadugu da Lome in sun tura gaba TR ke fitowa. Matsalar itace wata manhajar bata gane na wata, taka ta ga Re ta ƙara AW, tamu ta ga AW ta ƙara Re, a haka a haka har ya zama Re: AW: Re: AW: kuma fuskar waya ƙarama ce, kalmomin farko kaɗan take nunawa sauran ta yanke, sai ya zama ainihin maganar ce aka yanke. Ƙa'idar 2008 ɗin da na ambata cewa tayi Re guda ɗaya ya kamata a sa, kuma ta ce asalinsa Latin ne, in re, wato game da. A Outlook na kwamfuta akwai wurin da ake zaɓa a bar waɗannan haruffan da Turanci, in ka samu lokaci ka kira ni da bidiyo mu duba tare. Wannan yankewar ma ita tasa ya kamata kalma mai nauyi tazo farko. "Rasuwa: wance, jana'iza yau bayan azahar" ya fi "Sanarwa ta musamman zuwa ga dukkan 'yan'uwa game da..." don na biyun kafin a kai ga maganar an yanke.
Akan tambayar Baba Ma'aji kuma, akwai wata al'ada tsohuwa ta masu imel da ta yi daidai da fasalin da Malam ya faɗa. In magana ta gangara a hankali daga wata zuwa wata, sai a rubuta sabon kai a gaba, a sa tsohon a baka da kalmar was a gabansa. Mu sai mu ce da. Misali "Rushe ajin ƙarshe (da: Rufin makaranta)". Mai neman rufi zai same shi, mai neman rushewa zai same shi. Wanda ya amsa na gaba sai ya cire abin cikin bakan. A Gmail na kwamfuta in ka danna Reply akwai ɗan kibiya a gefen sunan wanda kake amsawa, ka taɓa zaka ga Edit subject.

Ma'aji, Asawase:
Wannan ya kwanta min, da sharaɗi biyu. Na ɗaya kada a cire na cikin bakan da wuri, a barshi ko saƙo uku ne, don ba kowa ke buɗewa kullum ba. Na biyu kan magana ya zama suna ne kawai, ba tambaya ba ba zargi ba. Mai tambaya ya yi ta a ciki zan amsa masa ko sau goma ne.

Kiliyarin ejan, Tema:
Na biyun na yarda. Na farkon kuwa in an barshi ya daɗe sai ka ga da cikin da, kan ya fi saƙon tsawo. Biyu ya isa.

Ma'aji, Asawase:
Uku. Kai kullum kana gaban kwamfuta, Baba na Yalwa sai juma'a juma'a ɗansa ke karanta masa.

Kiliyarin ejan, Tema:
To uku ɗin, saboda Baba.

Mai gareji, Suame Magazine:
Har yanzu ba a amsa ma Hajiya ba fa. Ranar da abu ya faru, Allah ya kiyaye, ina za a samo adireshi talatin a cikin minti biyu in ba a bi tsohon saƙo ba? ni ma abinda ke kaini Reply all kenan

Ɗan Tek:
Gaskiya ne Baba, na tsallake shi. A Google Contacts ana iya tara sunaye a ƙarƙashin lakabi ɗaya, sau ɗaya za a sha wahalar. Daga nan in ka buɗe sabon saƙo a Gmail na kwamfuta ka fara rubuta lakabin a wurin To sai duk sunayen su shigo. A waya kuma ta cikin manhajar Contacts ɗin ake buɗe lakabin a tura ma kowa. Sai dai kowa a nasa akawun zai haɗa, nawa baya zuwa wayar wani. Kuma in za a tura ma mutanen da basu san juna ba, kaman gayyatar walima har da na waje, a sa su a Bcc, layin da yake ɓoye sunayen masu karɓa, kada a baza adireshin mutane, amma tsakaninmu a bar sunaye a fili don Ma'aji ya san wa ya gani.

Sakatare, Aboabo:
To ni zan fitar da cikakken jerin adireshi da lambobin waya yau da dare, kowa ya duba nasa ya gyara, Alhaji ka turo sabuwar lambar. Zan turo shi a sabon saƙo, kansa "Adireshi da lambobin 'yan kwamiti". Na kuma ɗauki nauyin kiran mutanen waje da bakina duk ranar da aka yi rashi, ni da Anti, ita ta riƙe Amurka ni in riƙe Jamus da Saudiyya.

Anti nas, Bronx:
Na karɓa. In ina kan aiki ban ɗaga ba a kira sau biyu a jere, zan gane.

Mma Hajiya, Kejetia:
Ɗan Tek kazo shago gobe ka haɗa min abin nan a wayata, ka nuna ma jikan nawa shima. Kada kazo da safe kasuwa na cika, bayan la'asar. Kuma Sakatare addu'ar arba'in na nan tafe, ka rubuta yadda ya dace ka tura, ka sa sunanta a sama.

Ɗan Tek:
In sha Allah Mma, in na fito lakca zan hau tirotiro kai tsaye. Ki sa a cika mata caji, kuma a nemo kalmar sirrin imel ɗin kafin in iso.